Tsayuwar Tsigi a Tsakiyar Titi

Ni dai da farko dariya abin yake ba ni. 'Yata ta fari, wadda muke kira Tsigi saboda ƙanƙantar jikinta, shekararta shida, kuma Allah Ya yi ta da ɗaukar magana da nauyi. In ka miƙa mata murfin kwalba ka ce ta riƙe maka, ka manta, to da yamma za ka buɗe tafin hannunta ka same shi a ciki ya jiƙe da gumi. Ubanta, wanda direban babbar mota ne kuma sai jefi-jefi yake kwana a gida, yakan ce ba ni ta biyo ba, don ni ko likita ne ya ce in buɗe baki sai na tambaye shi dalili.

Shagon ɗinkina yana bakin babban titi, makarantarsu kuma tana tsallake, ƙofa na kallon ƙofa. Ina kan keken ɗinki ina hango tutarsu da rabin filin taro. A farkon zangon nan aka kawo musu sabon hedimasta, mutum mai son tsari, ya sa aka ɗaura lasifika a saman ofishinsa. Kullum da safe in an jera yara, sai muryarsa ta fito ta ja musu alkawarin ƙasa, shi ya faɗa su amsa, hannun dama a ƙirji. Lasifikar nan ba ta san iyakar katanga ba. Har cikin shagona take shigowa, har mai gyaran rediyo na kusa da ni ya haddace, yana kwance waya yana bin su da baki.

Tsigi ta ɗauki abin kamar don ita aka yi shi. Kalmomin sun fi bakinta girma, rabi tana tauna su ne kawai, amma tsayuwar ba mai kama ƙafarta. In ta dawo sai ta kwashe mini ƙullin zarurruka ta jera su a kan teburin yanka, ta tsaya a gabansu ta ja musu. Ranar da wani baƙin zare ya mirgina ya faɗi, sai na ji ta daka masa tsawa:

“Kai! Ba ka son ƙasarka ne?”

Har hawaye na yi don dariya, na kuma ba duk matar da ta zo awo labari.

Ranar da dariyar ta ƙare mun makara ne. Takalminta ɗaya ya shige ƙarƙashin gado, ƙaninta na goye ya yi mini amai a kafaɗa sai da na canza riga. Muka fito da sauri, shi a bayana, ƙunshin yadudduka a kaina, hannuna na hagu riƙe da nata na dama. Titin nan ba shi da tudun tsayawa a tsakiya, ba fitila, ba mai ba da hannu. Ido kake sawa ka auna, ka ga rata, ka bi. Na auna, na ga tankar ruwa tana tahowa can nesa, na san za mu wuce da sauran fili.

Muna tsakiya lasifikar ta yi ƙara.

Na ji ta fizge hannunta daga nawa. Sauri da nauyin kaya suka kai ni gaba kafin in iya juyowa. Da na juyo, ga Tsigi nan a kan farin layin tsakiya, ƙafafu a haɗe, haɓa a sama, hannun da nake riƙe da shi yanzun nan yana kan ƙirjinta, tana amsa wa hedimasta da iyakar muryarta.

Ban san lokacin da na yar da ƙunshin ba. Ƙarar birkin tankar nan har yau tana cikin kunnena. Ta ja taya, ta karkace, ruwa ya yi tsalle ta murfin sama ya zubo a kan kwalta, ta zo ta tsaya kusa da yarinyar har inuwarta ta rufe ta. Tsigi ko ƙifta ido ba ta yi ba. Na kama damtsenta ina ja tana turjewa, bakinta bai daina ba, sai da na sure ta gaba ɗaya na dire ta a gefen titi.

Direban ya diro, dattijo ne mai furfura. Ya nuna ni da ɗan yatsa ya ce:

“Baiwar Allah, me na yi miki? So kike in ƙarasa rayuwata da jinin yarinya a tayata?”

Sai na juya na ɗauke Tsigi da mari. Ban taɓa dukanta ba sai ran nan. Shatin yatsuna ya fito a kumatunta, ta dube ni da mamaki, ba ta yi kuka ba. Ni ce na durƙusa a bakin kwata na fashe da shi, mutane suna tattaro mini yadudduka daga ƙarƙashin motoci.

Ban kai ta makaranta ba. Na zaunar da ita a shago a kan buhun ƙyallaye, na hau keke na kasa taka shi. Can sai ta ce:

“Umma, ban ƙarasa ba.”

“Me ba ki ƙarasa ba?”

“Alkawarin. Kin ɗauke ni ana tsakiya. Na motsa ke nan ko?”

“Ke, mota ce ta kusa niƙe ki! Ba ki gan ta ba?”

“Na gan ta.” Ta sunkuyar da kai. “Malama ta ce duk inda muka ji an fara mu tsaya cak, ko ƙuda ya sauka mana a ido. Ta ce wanda ya motsa ba ya son ƙasarsa, kuma maci amana ne.”

“Mene ne maci amana?”

Ta ɗan yi tunani. “Wanda ake sa wa ya durƙusa a gaban tuta.”

Ta gan ta. Wannan ce kalmar da ta fi damuna. Da ta ce ba ta gani ba, da na ce yarinta ce, in ƙara kula. Amma ta ga tanka tana zuwa, ta ji tsoro, ta zaɓi tsayawa. Na ji tsoron 'yar da na haifa, na kuma ji haushin duk wanda ya taɓa sa bakinsa a lasifikar nan.

Ana tashi hutun tara na tsallaka, na bar yaran wajen matar mai gyaran rediyo. Na shiga ofishin hedimasta ko sallamar kirki ban yi ba. Na zo da shirin faɗa da mugu, sai na tarar da mutum mai sanyin murya, tabarau ɗaure da zare a kunne ɗaya. Da na gama ba shi labari sai ya cire tabaran ya dafe fuska da hannu biyu, ya daɗe a haka yana salati. Ya aika aka kira malamar ajinsu, yarinya ce ma, ba ta kai ni shekaru ba.

“Na faɗa musu haka,” in ji ta, idonta ya kawo ruwa. “Masu makara ne suke shigowa da gudu ana tsakiyar karantawa, suna ture na layi. Shi ne na ce duk inda suka ji su tsaya. Wallahi bakin ƙofa nake nufi, titi bai zo mini a rai ba.”

“Ke bai zo miki ba, ita ya zo mata,” na ce. “Ranka ya daɗe, ni tambayata ɗaya ce. Yarinyar da ba ta iya ɗaura igiyar takalminta ba, me ta sani da za a sa ta ɗaukar alkawari kullum safiya? In ni na sa ta ta yi mini alkawarin ɗinka rigar amarya, ai cewa za ku yi na zare. Ku bar na manyan aji su yi, ku ƙyale waɗannan su yi girma tukuna.”

Ya maida tabaransa. “Maman Tsigi, kin koya mata gaisuwa kafin ta san amfanin gaisuwa ko ba ki koya mata ba? Kin koya mata ta ce ta gode. Haka ake dasa abu, baki ya fara riƙewa, zuciya ta zo ta tarar. Yaran nan gidajensu daban-daban, harsunan iyayensu ma ba ɗaya ba. Wannan ne abu guda da suke faɗa tare da murya ɗaya. In na cire shi, me zan sa a wurin?”

“Gaisuwa ba ta taɓa tsayar da kowa a gaban tanka ba.”

“Gaskiyarki. Amma ko ina so ba ni da ikon hanawa, daga sama tsarin yake. Abin da zan iya, gobe da bakina zan gaya musu ba a tsayawa a titi.”

Maganarsa ta gaisuwa ta ɗan taɓa ni, shi ya sa na ƙara hasala. Na ce masa in an kwaso gawar ɗan wani sai ya ja mata alkawarin ta amsa. Malamar ta fashe da kuka. Na fito ina huci, ban ji na yi nasara ba.

Washegari muka isa da wuri, na tsaya daga bakin ƙofa don in ji da kunnena. Bayan an gama karantawa sai ya ce a fito da Tsigi. Aka ɗora ta a kan benci don a gan ta, da sauran shatin marina a fuskarta. Na tabbata shatin nan ya gani ya ji tausayinta, ya so ya wanke mata zuciya. Ya dafa kanta ya ce:

“Kun ga wannan? Jiya tana tsakiyar titi ta ji an fara alkawari, ta tsaya. Tankar ruwa ta taho, ba ta motsa ba. Ni ban taɓa ganin ƙaunar ƙasa irin wannan ba. A tafa mata!”

Filin ya ɗauki tafi da ihu, 'yan manyan aji har da fito. Tsigi ta yi murmushin da ban taɓa gani a fuskarta ba. Cikin hayaniyar nan ya ɗaga hannu ya ƙara da cewa amma fa kada kowa ya sake tsayawa a titi, haɗari ne, a ƙaraso ciki tukuna. Ya faɗa, ba zan yi masa ƙarya ba. Ni da mai gadi muka ji.

Kafin mako ya ƙare sunanta ya koma Mai Tanka. Yara suna wucewa ta gaban shagona suna leƙowa su gan ta. Na fara lura da wasu yara maza da suke jan ƙafa da gangan in sun kusa makaranta, suna jiran lasifika. Tana yin ƙara sai su ƙame a bakin kwalta, wani ƙafa ɗaya a kan titi, babura suna kauce musu suna zagi, su kuma suna satar kallon juna a ga wanda ya fi shiga ciki. Mai gadi ya riƙa fitowa da sanda yana korar su. Hedimasta ya rage ƙarar lasifikar, ya sake yin gargaɗi, amma tafi ya riga ya shiga kunnuwansu.

A gida kuwa Tsigi ta daina jera zarurruka a gabana. Ba ta yi mini rashin kunya ba, ba halinta ba ne. Sai dai in na kama hannunta za mu tsallaka, sai ta zagayo ta miƙo mini na hagu, ta bar na dama a sake. Na gane sarai abin da take tanadinsa.

Da ubanta ya kira daga hanya na zayyana masa komai.

“Kin san abin da ya cece ta?” ya ce. “Tankar ba a cike take ba. Da a cike take, ko uban wa ke tuƙi ba ta tsayawa. Ki canza mata makaranta.”

“Wace makaranta ce ba a yi? Kuma duk inda ta ji, tsayawa za ta yi.”

“To ki cire mata abin nan daga kai. Ko ta yaya. Ko ƙarya ce ki yi mata, ni dai in dawo in same ta da rai.”

Da yammacin ranar na rufe ƙofar shago rabi, na tsayar da ita a gabana kamar zan yi mata awo, na riƙe kafaɗunta.

“Tsigi, ina so ki yi mini alkawari. In muna kan titi kika ji lasifika, za ki ci gaba da tafiya har mu tsallake.”

Ta dube ni, ta dubi ƙasa. “Umma, ai na riga na yi wancan.”

“Hedimasta da kansa ya ce kada a tsaya a titi.”

“Ya ce bai taɓa ganin irina ba. In na yi miki, sai na karya ɗaya. Wanne zan karya?”

Na gwada ta kowace hanya. Na ce ƙasa ba ta son 'ya'yanta su mutu. Ta ce ai ba ta mutu ba. Na ce tsayuwa daban, alkawari daban, ana iya son ƙasa ana tafiya. Ta ce to me ya sa ake sa wanda ya motsa ya durƙusa. Na ce za ta iya faɗa a zuci. Ta ce Malama ta ce sai an ji muryar kowa. Duk ƙofar da na buɗe sai in tarar an riga ni kulle ta, kuma da bakin mutanen da ni na ce mata ta riƙa jin maganarsu. Ƙaninta ya farka yana tsala kuka, kaina ya ɗau zafi, ƙarar birkin nan ta dawo mini.

“Saurara,” na ce. “Wancan ba na gaske ba ne. Baki ne kawai. Ana faɗa ne don a faɗa, a shiga aji.”

Ta zaro ido. “Hedimasta ma?”

“Shi ma.”

“Malama fa?”

“Kowa da kowa.”

“Ke kin yi da kina ƙarama?”

“Na yi, kullum.”

“Kin cika?”

“Ba wanda yake cikawa, Tsigi.”

Ba ta yi kuka ba. Na ga dai wani abu ya sauka daga fuskarta, kafaɗunta suka yi laushi a hannuna. Ta ce to, ta je ta zauna a kan buhun ƙyallaye tana tsinkar zare daga bakin wani yadi. Ni kuma na ɗauki ƙaninta ina jijjigawa, ina tambayar kaina ko ƙarya na yi mata ko gaskiya. Don ni kaina, duk tsiwata, akwai safiyar da muryoyin yaran nan suke shigowa shago in ji tsigar jikina ta tashi, in ɗaga ƙafa daga kan keke har su gama. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ita ma ban gaya mata ba.

Da safe da gangan na ja lokaci. Na tsaya a bakin titi sai da na ga an gama jera layi, na tabbatar ba mota kusa ko nesa, sannan na kama hannunta na dama muka shiga. Lasifikar ta yi ƙara muna tsakiya. Na ji yatsunta sun ɗan motsa a cikin nawa, shi ke nan. Ta ci gaba da tafiya, muka tsallake lafiya lau.

Ta shiga ƙofa ana tsakiyar karantawa, ta ci gaba da tafiyarta a hankali sai da Malama ta kira sunanta. Ta tsaya, ta ɗora hannu a ƙirji. Bakinta yana motsi daidai da na kowa, ɗaya hannun yana wasa da igiyar jaka, idonta yana kan wata akuya da ta hau katanga. Abin da na nema ke nan, na kuwa samu. Na koma shago na kira ubanta na ce an gama, ya yi hamdala, ni na kasa.

Ba a jima ba ƙaninta ya kwana da zazzaɓi, dole in kai shi asibiti, kuma layin asibiti ba a san ranar fitarsa ba. Matar mai gyaran rediyo ta yi tafiya, mijin kuma ba ya barin shago. Na raka Tsigi har bakin ƙofar makaranta, na tsuguna a gabanta da yaron a baya jikinsa kamar garwashi.

“In an tashi ban dawo ba, ki zauna wajen mai gadi. Kada ki tsallaka ke kaɗai, ko kin ga shago a buɗe, ko wa ya kira ki. Yi mini alkawari.”

“Na yi alkawari,” ta ce da sauri, tana leƙen ƙawayenta ta bayan kafaɗata.

Na miƙe zan tafi sai ta riƙo bakin mayafina.

“Umma, wannan na gaske ne, ko irin wanda ba wanda yake cikawa?”

“Na gaske ne! Wannan na gaske ne, kin ji ko?”

Ta gyaɗa kai. Ba gardama take yi ba, so take ta fahimta, kamar yadda take yi da komai.

“To ta yaya zan riƙa ganewa?”

Aka kaɗa ƙararrawa, ta saki mayafin ta ruga cikin layi. Na tsaya a wurin da yaro mai zazzaɓi a bayana, motar haya mai zuwa asibiti tana ta kiran fasinja a tsallake, na kasa ɗaga ƙafa in bar bakin ƙofar.